Fawa bank mai 20,000mAh a hannun ɗalibin Jos: caji uku yake yi, ba huɗu ba

Idan ɗalibi a Jos yana da kuɗin sayen abu ɗaya tak bayan wayarsa, to ya sayi fawa bank mai 20,000mAh wanda ke shan caji ta kafar USB-C da ƙarfin 18W ko sama da haka. Ya cancanci kuɗinsa. Amma yana da wuraren da yake ba da kunya, kuma mai shago ba zai faɗa maka su ba, wasu ma shi kansa bai san su ba.

Dalilin buƙatarsa ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibin Jami'ar Jos da ke zirga-zirga tsakanin harabar Bauchi Road da ta Naraguta, ko yana hostel ko yana haya a Angwan Rogo ko Farin Gada, karatunsa kaf yana cikin waya. A guruf ɗin WhatsApp na aji ake sanar da cewa an sauya ɗakin lakca ko an matso da gwaji. Handawut ya koma PDF. Rajistar kwasa-kwasai da duba sakamako a fotal ake yi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, hatta mai shayi da mai awara sun saba da tiransifa, don haka wayar da ta mutu da yamma tana iya hana mutum cin abincin dare. Ita kuwa wuta, tsarin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ya kasa masu amfani da ita gida biyar: Band A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Wannan alkawarin takarda ne, kuma ba kowace unguwar ɗalibai ke Band A ba. Wanda ya zauna a Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan dakon wuta suka samu matsala aka shafe fiye da mako cikin duhu, ya ga yadda shagunan cajin waya suka cika maƙil.

Mu fara da lambar da ke jikin kwali, domin nan ne ake fara jin an cuci mutum alhali ba a cuce shi ba. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix, itel, Redmi da ƙananan Samsung da ɗalibai ke riƙewa suna da batir mai 5,000mAh. Mai saye sai ya raba 20,000 da 5,000, ya ce caji huɗu. Ba haka lissafin yake ba. Batiran da ke cikin fawa bank suna aiki ne a kan 3.7V, idan aka ninka wannan da 20,000mAh, abin da ke ciki gaba ɗaya 74Wh ne (Wh shi ne ma'aunin ainihin yawan wutar da batir ke ɗauka). Kafin wutar ta fita ta kebul sai na'urar ciki ta ɗaga ta zuwa 5V ko 9V, a nan a yi asarar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ta tafi a matsayin zafi. Idan ta isa waya, sai wayar ta sake sauko da ita daidai batirinta, a sake yin wata asarar kusan irin wancan. Abin da ke shiga batirin waya a ƙarshe kusan 55Wh ne, shi kuwa batir mai 5,000mAh yana cin kusan 19Wh kafin ya cika. Caji biyu da rabi zuwa uku ke nan, idan fawa bank ɗin sabo ne kuma ba a danna wayar yayin da take caji. Kamfanonin kirki ba sa ɓoye wannan. Juya kwalin ka duba ƙananan rubutu, za ka ga wata lamba ta biyu, 12,000mAh ko 13,000mAh a kan 5V. Ita ce ta gaskiya. Kwalin da babu wannan lambar a jikinsa, babu kuma 74Wh, ajiye shi ka duba wani.

Da wannan lissafin za ka gane me ya sa mai 10,000mAh ya yi wa ɗalibi kaɗan: caji ɗaya da ɗan ƙari yake bayarwa, bai kai biyu ba. Yana da daɗin ɗauka, yana shiga aljihun wando, ya dace da wanda ke samun wuta kowane dare. Wanda wutar unguwarsu ke yin kwana biyu ba ta leƙo ba, ba zai kai shi ko'ina ba.

Abin da ya fi girman batir muhimmanci, wanda kuma kusan ba mai tambaya a shago, shi ne saurin da fawa bank ɗin kansa yake cika. A nan kayan kasuwa suka rabu gida biyu. Mai shan caji ta ƙaramar kafar Micro-USB kaɗai yawanci ba ya wuce 10W, sai ya kwashe awa 9 zuwa 10 kafin ya cika. Idan ka haɗa shi da tsohon kan caja mai 5V/1A, irin wanda ya zo da ƙaramar waya shekarun baya, zai nemi awa 17 ko fiye. Mai USB-C da ke karɓar 18W kuwa, awa 5 zuwa 6 sun ishe shi. Yanzu ka auna da wutar da aka kawo ƙarfe 11 na dare aka ɗauke da asuba: na farkon zai tashi da fitila biyu cikin huɗun da ke nuna cikarsa, na biyun ya cika. Wannan ne ma ya sa ba na ba ɗalibi shawarar manyan nan masu 40,000 ko 50,000mAh. Mai 50,000 yana ɗauke da 185Wh, a kan 18W sai ya yi sama da awa 12 bai cika ba, nauyinsa kuma ya kai kilo guda. A unguwar da wuta ke zuwa awa huɗu, za ka yi ta yawo da rabin batir a jaka har ka gama digiri. Ga kuma dokar jirgin sama: 100Wh ne iyakar abin da ake shiga da shi ba tare da neman izini ba, shi ya sa ake ƙera masu 27,000mAh, don su tsaya a 99.9Wh. Mai 27,000 zaɓi ne mai kyau ga wanda ke da MiFi, wato ƙaramar na'urar raba intanet, ko waya biyu, in dai yana shan caji da sauri.

Saurin nan ba ya samuwa sai abubuwa uku sun haɗu: fawa bank mai karɓa, kan caja mai bayar da 9V/2A, da kebul mai iya ɗauka. Karanta jikin kan cajarka. Idan 5V/2A kaɗai ka gani, to 10W ne, ko da fawa bank ɗin na miliyan ne. Kebul kuwa shi ne ya fi jawo wa fawa bank zagi ba da laifinsa ba. Na arha da ake shimfiɗawa a bakin titi wayar tagullar cikinsa siririya ce, idan kuma ya yi tsawon mita biyu wutar tana raunana kafin ta isa. Gajeren kebul mai kauri, santimita 30 zuwa mita ɗaya, shi ne daidai. Araha ba ta ado, a kan kebul dai maganar nan ba ta taɓa faɗuwa ba.

Sai maganar 22.5W da ake bugawa da manyan haruffa a gaban kwali. Wannan lambar ta wani tsarin caji ce da kamfanin Huawei ya fito da shi, ba kowace waya ke jin yarensa ba. Mai iPhone zai samu saurinsa ne ta kafar USB-C da tsarin saurin caji da ake kira PD, kusan 18W zuwa 20W. Samsung mai cajin 25W yana buƙatar a ga PPS, wani reshe na tsarin PD, a rubuce, in babu sai ya koma 15W. Wayoyin Infinix da Tecno masu 33W ko 45W sau da yawa sai da cajarsu ta asali suke kaiwa wannan gudun, a kan fawa bank sukan tsaya a 18W ko ma 10W. Wannan ba lalacewa ba ce. Abin yi shi ne ka jona wayarka a shagon kafin ka biya, da kebul ɗin da za ka riƙa amfani da shi, ka ga ko alamar saurin caji ta fito a fuskar wayar. Kwamfutar cinya kuma a cire ta daga lissafi. Yawancinsu 20V suke so, da 45W zuwa 65W. Ɗalibin aji huɗu da ke rubuta furojet, idan don kwamfuta yake nema, wani kaya ne daban mai PD 65W, kuma kuɗinsa ya ninka.

A shagunan waya na Ahmadu Bello Way da kewayen Terminus za ka tarar da Oraimo, itel, New Age, Romoss, Xiaomi da Anker, tare da tarin wasu masu sunayen da ba a san asalinsu ba. Oraimo da itel 'yan gida ɗaya ne da Tecno da Infinix, duk na kamfanin Transsion ne, shi ya sa suka fi yawa, kuma shi ya sa aka fi kwaikwayonsu. Farashi yana bin dala, don haka ma'aunin da ya fi tsayawa shi ne ka fara tambayar shagon dila na hukuma. Wanda ya yi maka tayin kaya iri ɗaya a rabin wancan kuɗin, ba alheri yake yi maka ba. Ɗaga shi a hannu: na gaske mai 20,000mAh yakan yi giram 350 zuwa 480, don batir ɗaya irin mai siffar mulmulallen alli, wanda ake kira 18650, nauyinsa kusan giram 45 ne kuma ba ya wuce 3,500mAh, sai an haɗa shida. Wanda ka ji shi sakayau kamar kwalin ashana, ƙarya ce a jikinsa. Nauyi kaɗai kuma ba shaida ba ne, domin masu jabu sun daɗe da koyon cusa ƙullin yashi ko guntun ƙarfe a ciki.

Gwajin da ba ya ƙarya a gida ake yin sa, cikin kwana biyun farko. Cika fawa bank ɗin har ya daina sha. Bari wayarka ta sauka zuwa kashi 10, ka kashe data, ka jona, kar ka taɓa ta har ta cika. Maimaita har fawa bank ɗin ya mutu, kana ƙirgawa. Idan wayar mai 5,000mAh ce kuma bai yi mata biyu cikakku ba, mayar da shi. Saboda haka kar ka bar shago babu rasit mai ɗauke da sunan kaya da kwanan wata, kuma ka ji daga bakin mai shago kwana nawa yake karɓar canji. Babban suna ma ba ya hana matsala: a watan Yunin 2025 Anker ya janye fiye da miliyan ɗaya na samfurin PowerCore 10000 mai lamba A1263 a Amurka saboda haɗarin gobara, Romoss ma ya janye dubban ɗaruruwa a Chaina a cikin watan. Duba lambar samfurin da ke bayan naka ba ɓata lokaci ba ne.

Tsakanin mai fitilu huɗu da mai nuna lamba, ɗauki mai lamba ko da ya ɗan fi tsada. Fitila ɗaya tana nufin komai daga kashi 1 zuwa 25, ba ka san ko zai kai ka asuba ba. Kuma lambar tana kashe gardama a ɗaki, wanda ya kawo mu ga ɓangaren da babu shi a takardar bayanin kaya.

Fawa bank a ɗakin ɗalibai ba ya zama na mutum ɗaya. Da an ɗauke wuta za ka ji, "Mutumina, ɗan sam min minti goma, saura kashi uku." A ɓangaren mata, "Don Allah ƙawata, Mama ce za ta kira ni." Ba wanda zai hana, kuma bai kamata a hana ba. Amma ga abin da ke faruwa a cikin na'urar: yawancin masu wannan girman, da zarar an jona waya ta biyu, saurin caji ya tsaya, duk kafofin su koma 5V su raba kusan 15W tsakaninsu. Wayar mai kaya da ke gudu a 18W sai ta koma rarrafe a 7W. Ya duba bayan rabin awa ya ga kashi 12 kaɗai ta ƙaru, ya fara tsaki, abokin ya ji tsakin ya ɗauka gori ne. Da sun sani, da bi da bi suka yi: minti 20 na mutum ɗaya shi kaɗai ya fi minti 40 na mutum biyu tare, kuma na'urar ba ta yin zafi sosai.

Aron da ke ɓata zumunci shi ne wanda ake fita da kayan daga ɗaki. A karɓa da 85 a kan allo, a dawo da shi washegari da 6, babu kebul, ko da wani kebul ɗin daban mai lanƙwasasshen baki. Mai kaya yana da gwaji da safe, handawut yana cikin waya. Ba ya son ya yi magana a ce ya cika son abin duniya, sai ya haɗiye, ya fara ɓoye fawa bank a ƙasan akwati yana cewa babu caji. Ranar da aka ga fitilarsa tana haske ta cikin jaka, an shiga gaba ke nan ta sati biyu, a kan abin da magana ɗaya za ta warware tun farko. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne a faɗi ƙa'ida tun ranar da aka sayo, kowa yana cikin raha: ana caji a nan ɗaki, wanda ya ƙarar shi ne zai kai shagon caji ya biya, kowa da kebul ɗinsa, daren jarabawa kuma mai kaya ne farko. Wanda ya ara ya ɓatar, ya biya ba tare da an roƙe shi ba. Karo-karo a sayi guda ɗaya na ɗaki kuwa ba na goyon bayansa. Yana tafiya lafiya har zuwa hutun zango, sannan a rasa wanda zai tafi da shi gida, in ya lalace kuma kowa ya ce a hannun wane ya fara. A liƙa masa alama da fenti ko a kankare suna a gefe, domin baƙin fawa bank iri ɗaya goma za ka gani a jere a kan soket ɗin ɗakin karatu, kuma ba kowace musanya ce kuskure ba.

Akwai kuma abin da kayan ba zai gyara ba. Caji uku ga mai karanta PDF da data a kashe, hasken fuska a ƙasa, kwana uku ne ko fiye. Ga mai kallon TikTok da wasan ƙwallo da buɗe wa abokai hotsifot, yini ɗaya ne da ɗan dare. Fuskar waya da bidiyo su ne suka fi shan batir, sai raunin sabis, domin wayar tana ƙara ƙarfi wajen neman layi. Da can mutuwar batir ita ke tilasta wa ɗalibi ya ajiye waya ya ɗauki littafi ko ya kwanta. Fawa bank ya cire wannan birkin, kuma da yawa suna gane haka ne bayan sakamakon zango ya fito. A saitin Android akwai Digital Wellbeing, a iPhone akwai Screen Time, duk suna nuna awa nawa kowace manhaja ta ci, ana kuma iya sa mata iyaka. Kafin ka yanke cewa 20,000mAh ya yi maka kaɗan, buɗe shafin nan ka gani. Sauke handawut tun akwai wuta, ka rubuta jadawalin jarabawa da lambobi biyu ko uku na gida a takarda, ka riƙe 'yan canji a aljihu.

Yanayin Jos yana da nasa tasirin. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yana sa batirin lithium ya yi nauyin jiki, ya nuna kamar ya ragu. Ba lalacewa ya yi ba, yana ɗumama zai dawo, don haka kar a kanga shi a wuta ko a ɗora kan risho. Ƙurar hunturu tana cushe kafar caji har kebul ya daina zama daram. Tsinken sakace da haƙuri ke fitar da ita, ba allura ba, don ƙarfe yana iya haɗa wayoyin ciki. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, zare caja daga bango. Haka idan za a tayar da janareta ko wuta tana rawa, bari ta daidaita tukun, kan caja ne ke fara ƙonewa.

Zafi shi ne babban makashinsa. Kar a yi caji a ƙarƙashin filo ko cikin bargo, abin da sanyin Jos ke sa ɗalibai yi kullum. Kar a riƙa cajinsa yana kuma cajin waya a lokaci guda sai dole. Masu ɗan faifan sola a baya kuwa, faifan bai fi 1W ba, cika 74Wh zai ci sama da awa 70 na tsakar rana, kuma shanya batir a rana tana kashe shi kafin lokacinsa. Idan an kula da shi, batirin yakan yi zagayen caji 300 zuwa 500 kafin ya sauka zuwa kusan kashi 80 na ƙarfinsa. Ga mai cika shi sau uku a mako, shekara biyu zuwa uku ke nan, wato wanda ya saya a aji ɗaya ya sa ran sake saye kafin ya gama. In za a tafi dogon hutu ko an shiga yajin aiki, a ajiye shi da rabin caji, a leƙa shi duk bayan wata biyu ko uku, don wanda aka bari a sifili ya daɗe wani lokaci ba ya sake tashi.

Ranar da ka ga jikinsa ya kumbura, ko murfin ya fara rabuwa, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, ko yana zafi alhali ba a jona komai ba, aikinsa ya ƙare. Kar a matse shi, kar a huda, kar a ɗaure da salatif a ci gaba, kar kuma a jefa cikin sharar da za a cinna wa wuta a bayan hostel. A fitar da shi daga ɗaki, a ajiye a kan siminti nesa da katifa da labule, sannan a kai wa masu gyaran waya da ke karɓar matattun batira.